Godiya ga injiniyoyin Sharada da suka tayar mana da injin ƙulla yaji

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan kamfanin gyara da haɗa injinan masana'antu da ke Sharada, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Alhaji, ranka ya daɗe, ka roƙe ni kada in ambaci sunan kamfaninku don kada a ce talla kuka saya, kuma na bi umarninka. Amma yin shiru gaba ɗaya ba zan iya ba, domin yaba kyauta tukwici, kuma masu masana'antu a Sharada, Bompai da Challawa za su gane da wa nake.

Ni ƙaramin mai sana'a ne a Dakata. Muna niƙa yaji, garin citta da kayan ƙamshi, mu ƙulla a leda mu kai Singa da Sabon Gari. Ƙarfin aikinmu duka yana kan inji guda, irin na tsaye, wanda yake jawo leda daga naɗinta, ya lanƙwasa ta, ya zuba awo, ya liƙe, ya yanke. Moton sarbo biyu ne a jikinsa, wato moto mai juyawa daidai gwargwadon lissafin da aka ba shi, ɗaya na jan leda, ɗaya na juya sukurun da ke auna gari. Saboda su na ƙara kuɗi na saye shi, domin tsohon injinmu mai sarƙa da giya yakan cika wani ƙullin ya rage wani, kuma 'yan sari ba sa yafe ragin awo.

Bayan da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga tsadar barkono ga tsadar man dizal, sai muka rufe aiki na wani lokaci. Da muka zo buɗewa don shirin kasuwar azumi, injin ya ƙi motsi. Allonsa ya kawo jan rubutu da wata lamba, shi ke nan.

Abin da na gani daga nan har zuwanku ba zan so wa maƙiyina ba. Dillalin da ya shigo mana da injin, wanda a lokacin ciniki yake kirana safe da yamma, ya daina ɗaukar wayata. Kamfanin da ya ƙera shi a can ƙasar waje ya turo mini littafin bayani ta WhatsApp cikin harshen da babu mai karanta shi a masana'antarmu. Wani mai gyara ya zo, bai ko kwance murfi ba ya ce akwatin sarrafa moton ya ƙone, sai an yo odar sabo, ya faɗi kuɗi da dala. Duk wanda ya sayi kayan gyara daga waje tun bayan sakin naira a watan Yunin 2023 ya san abin da wannan kalma take yi wa zuciya. Wani ya cire akwatin ya tafi da shi, ya dawo da shi da ƙarancin kusoshi da kuma cajin "bincike". Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa a cire sarbon gaba ɗaya a sa moto na yau da kullum, wai irin waɗannan injinan ba na ƙasarmu ba ne. Wato in biya shi ya mayar da injina baya. A wannan tsakanin ma'aikatana mata sun koma ƙulla yaji da hannu da ƙaramin injin liƙi, idanu jajir, ana atishawa, oda kuma tana wucewa wajen wasu.

Wani abokina mai injin shinkafa ne ya ba ni lambarku. Ban kira da wani kyakkyawan zato ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wadda ta ɗauki waya ba ta tambaye ni kuɗin mota ba. Cewa ta yi in ɗauki hoton allon da lambar da ke jikin akwatin in turo. Da safe injiniyanku ya iso, matashi ne da ba zai wuce sa'ar babban ɗana ba, da kwamfuta da mita a jaka, babu guduma.

A kansa nake son in tsaya. Ya gaishe ni, sannan ya ce: "Baba, wa yake tuƙa injin nan?" Na nuna masa yaronmu, wanda duk masu gyaran baya ba su ko kalle shi ba. Ya zauna da shi yana tambaya: yaushe aka kashe injin, tsawon wane lokaci ya yi babu wuta, ko kafin nan yana yin wani abu da ba a saba ba. Yaron ya ce akwai wani gargaɗi da yake fitowa tun kafin a rufe, amma da yake injin yana aiki sai ba a kula ba. Injiniya ya yi murmushi, ya buɗe wani ɗan murfi, ya ciro batir ƙarami mai ƙarfin wuta bolt 3.6.

Ya bayyana mini yadda abin yake, kuma ga shi kamar yadda na fahimta. Moto na yau da kullum juyawa kawai yake yi idan an ba shi wuta. Shi kuwa sarbo akwai na'ura a bayansa da ake kira inkoda, mai ƙirga juyinsa daki-daki tana sanar da akwatin sarrafawa, shi kuma akwatin yana gyara masa tafiya nan take idan ya wuce ko ya gaza. Kamar mai awo ne da idonsa ke kan mudu, ba mai zubawa da ka ba. A irin namu, batirin nan ne ke riƙe wa inkoda lissafinta idan an ɗauke wuta. Da ya mutu a lokacin da muka rufe, injin ya manta inda ya tsaya, shi ya sa ya ƙi tashi don kada ya yi ɓarna. Akwatin da aka ce ya ƙone lafiyarsa ƙalau. Ya sa sabon batir, ya sake saita mafarin tafiyar, injin ya ɗauka.

Da wani ne, nan zai karɓi kuɗinsa ya tafi. Shi ya tsaya yana kallon ƙullin da ke fitowa, ya ce yankan yana zamewa daga kan zanen leda. Ya goge ɗan idon da ke karanta baƙar alamar gefen leda, wanda ƙurar barkono da ta hunturu suka rufe. Ya auna wayar atin ɗinmu, wato wadda ke kai wutar da ta kauce zuwa cikin ƙasa, ya ga kusan babu ita, ya kuma nuna mini yadda aka ɗaure wayar inkoda tare da manyan wayoyin wuta, abin da ke jawo hayaniyar lantarki ta rikita lissafi. Ya raba su. Sannan ya kwafe dukkan saitin akwatin a filash, ya miƙa mini a hannu ya ce in adana, ya rubuta wa yaronmu ma'anar lambobin gargaɗi da Hausa a takarda ya manna a jikin bango. Ya ce masa idan zai canja batir nan gaba ya yi shi wuta tana jikin akwatin, don kada lissafin ya sake gogewa. Ban taɓa ganin mai gyara yana koyar da abin da zai hana a sake kiransa ba.

Rasit, garanti da sauran takardu duk sun zo yadda ya kamata, kuɗin kuma bai kai abin da na kashe a "bincike" ba.

Akwai kuma maganar robot. Na daɗe ina kallon bidiyon irin mai ƙafafu uku da ke rataye a sama yana tsince kaya yana jerawa a kwali da saurin da ido ba ya bi. Injiniya ya ce mini Reymond Clavel ne ya ƙirƙiro shi a jami'ar fasaha ta Lausanne a Suwizalan cikin shekarun 1980, kuma jera cakulan a kwali ne ya jawo tunanin. Na ce ku yi mini lissafin ɗaya don jera ƙulli a katan. Alhaji, da bakinka ka ce mini kada in saya yanzu. Ka ce inji guda ba zai ba robot aikin da zai mayar da kuɗinsa ba, ga wutarmu mai hawa da sauka, ga ƙurar yaji, ga kuma matan da suke cin abinci da jera katan. Ka ce in fara gyara atin, in sa sitabilaiza mai kyau da abin zuƙe ƙura. Ciniki ne babba ka ture da hannunka, kuma ina sane.

Wannan ne ya sa nake jin takaicin yadda harkar take a wasu wurare. Ana shigo da injina masu tsada a sayar wa ƙananan masu sana'a ba tare da kayan gyara ko ɗaya ba. Ana kulle kwamfutar injin da kalmar sirri, dillali ya riƙe ta a aljihunsa don kullum ka koma ka roƙe shi. Ana kafa inji a bar mai tuƙa shi da maɓallin kunnawa da na kashewa kawai. Idan ya tsaya, sai a ce laifin wutar Najeriya ne, alhali tun ranar kafawa babu wanda ya auna atin. Ku zagaya Sharada da Bompai ku ga injinan da aka lulluɓe da tampol. Na tabbata da yawansu ciwonsu bai fi na namu ba. Muna da Jami'ar Bayero, da ta Wudil, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, suna yaye matasa a fannin lantarki kowace shekara, amma masu shigo da injina ba su damu su ɗauke su su horar ba, sun fi son a sayi sabo. Su kuma masu masana'antu, mu ke nan, mun saba da wulaƙanci har idan aka yi mana adalci sai mu riƙa neman inda tarkon yake.

Ina roƙonka, Alhaji, ka isar da gaisuwata ga wannan matashi da iyayensa, da kuma baiwar Allah mai ɗaukar waya. Na riga na ba mutum biyu masu injin ruwan leda lambarku, kuma an zuba sabon ƙarfen atin kamar yadda kuka ce. Ina jiran injiniya ya zo ya auna. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa kasuwarku da zuri'arku albarka.

Wassalam.

Naku,
Mai ƙaramar masana'antar yaji, Dakata, Kano.