Kafin ka biya kuɗin tsohon Xeon

Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya zafin Maiduguri, ko ku ma hunturu ya sauko muku? Mu nan ƙura ta rufe gari, da safe in ka fito bakin titin Sakkwato da ƙyar kake hango ƙofar jami'a. Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina mata sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonka da hotunan kwamfutoci biyun da aka yi maka tayi. Na ƙi ba ka amsa a waya ne don maganar tana da tsawo, kuma ba na so kuɗin da ka daɗe kana tarawa su tafi inda nawa suka tafi.

Na san wadda ranka ya kwanta da ita: babbar nan, HP Z820 mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) biyu, Xeon na kamfanin Intel, samfurin E5-2697 v2. Kowace tana da ƙwaya 12, wato ƙananan sassan da ke raba aiki a cikinta, ka haɗa 24, mai kaya kuma sai nanata maka lambar yake yi. Irinta ce na fara saya lokacin da na buɗe shago. Ranar da aka sauke ta, mu biyu muka ɗauke ta zuwa ciki saboda nauyi. Na buɗe AutoCAD, na ɗora zanen wani gida mai hawa biyu da wani ɗalibin zanen gine-gine ya kawo, ina jan layi tana ɗan tsayawa kafin ta bi ni. Na duba ma'aunin aikin ƙwayoyin, sai na ga ɗaya ce tal ta cika maƙil, sauran 23 suna zaune. A ranar na gane abin da ba wanda ya gaya mini: yawancin aikin AutoCAD, da ma zanen da ake yi a Revit, a kan ƙwaya ɗaya yake tafiya. Kamar ka ɗauki leburori ashirin da huɗu aikin da ƙofarsa mutum ɗaya take ci. Abin da ke taimakonka a nan shi ne saurin ƙwaya guda, ita kuwa 2697 v2 saurinta daga giga 2.7 yake tashi, ga shi ta 2013 ce.

Ba zan zalunce ta ba. In aka zo fitar da hoton gini a Blender, ko matse bidiyon biki mai tsawo, nan duk ƙwayoyin ke tashi, sai ka ji fankokinta sun ɗau ƙara, kuma aikin yana gudu. To amma a nan ne maganar wuta ke shigowa, wadda masu bitar kwamfutoci a Turai da Amurka ba sa sa ta a lissafi don ba damuwarsu ba ce. Kowace furosesa a cikinta an ƙiyasta mata wat 130. Biyu 260 ke nan, ba a sa katin hoto ba, ba a sa allo ba. Batir na inbata mai bolt 12 da amfiya 200, in ba ka so ya mutu da wuri, kusan rabinsa kawai za ka ci, wato wat 1,200 na awa ɗaya. Injin da ke jan 400 zai shanye maka shi cikin awa uku. Ni da idona na ga inbata tana kuka ana saura kaɗan aikin wani ango ya kammala, ta ɗauke, muka koma farko a kan janareta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, ka san abin da kunna janareta na yini yake nufi. Arhar da ka samu ranar saye, a gidan mai za ka biya ta da kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Furosesan E5 na zubin farko da na biyu, wato v2, ba su da wani tsarin umarni da ake kira AVX2, wanda ya fara zuwa da v3 a 2014. Sababbin manhajoji da dama, har da na gyaran bidiyo, sun fara sa shi a sharaɗi. In babu shi, ba wai a hankali za su yi ba, wasu ƙin hawa suke yi gaba ɗaya. Saboda haka duk abin da ke kan tsohon soket (mazaunin furosesa) na LGA 2011 mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) na DDR3, irin su Z820 ɗin nan da Z420 da Z620 da Dell T3600 da T3610, ni yanzu ba na ba mai neman abinci da shi shawarar saye, komai arharsa. Ga ma wani tarko a Z420: masu tsohon bod (babban faifan da ake ɗaura komai a kai) na 2011 ba sa karɓar v2 sam, sai masu na 2013. Na taɓa yin odar E5-1650 v2 don wani yaro a nan, muka jira makonni, muka ɗaura, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Sai da muka duba kwanan watan da ke cikin BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, muka gane ba ta 2013 ba ce.

Ɗaya hoton da ka raina, Z440 ɗin nan mai furosesa ɗaya, ita nake so ka sake kallo. Tana karɓar v3 da v4, RAM ɗinta DDR4 ne. A kanta nake aiki yanzu. Da farko ta zo da E5-1650 v3, ƙwaya 6 a giga 3.5, kuma a zane ta fi waccan ƙatuwar sauƙin hannu nesa ba kusa ba. Daga baya, da aikin bidiyo ya yi yawa, na sa mata E5-2680 v4: ƙwaya 14, giga 2.4 tana hawa zuwa 3.3, wat 120. Wannan furosesa da ta fito a 2016 sama da dala 1,700 Intel ta sa mata, yau kuwa manyan kamfanoni sun kwashe su daga sabobinsu, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai da ake kira saba, sun zubo kasuwa, kuɗinta bai kai na SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri) mai kyau ba. A wurina ita ce ta fi kowace biyan kuɗinta in bidiyo ne abincinka. In kuma rabi zane rabi bidiyo ne, kamar yadda na fahimci shagonka zai kasance, nemi E5-2667 v4, ƙwaya 8 a giga 3.2. Ta ɗan fi tsada, amma ba za ka riƙa jin ka yi asara ta wani ɓangare ba.

Sai dai in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah. Core i5-12400 ko Ryzen 5 5600, na 2022, masu ƙwaya 6 da wat 65, sun fi duk waɗannan saurin ƙwaya ɗaya, kuma batirinka zai huta. In kuɗinka za su kai ka haɗa sabuwa, haɗa. Abin da ke riƙe da mu a kan tsofaffin shi ne suna zuwa a haɗe, da akwati mai ƙwari da na'urar wuta mai inganci, ga RAM na saba da za ka tara da yawa. Ka kuma sani Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan E5 da ke jerin da Windows 11 ta amince da su. Ana ɗora ta ta bayan gida, ni ma na ɗora, tana aiki, amma ka shiga da saninka.

In ka je gani, kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki. A kunna a gabanka, ka ga sunan furosesa da idonka. Ka tambayi na'urar wutar, ta wat 525 ce ko ta 700, don ta 700 ce ke ɗaukar babban katin hoto, kuma waɗannan Xeon ba sa nuna hoto da kansu, dole sai da kati. Ka sa a ba ta aiki mai nauyi na minti ashirin ka saurari fanka. In ka kai ta gida, a cire man da ya bushe a kan furosesa a shafa sabo, kuma da ƙurarku ta can, ka riƙa hure ta duk wata.

Turo mini farashin ƙarshe da ya faɗa a kan Z440 kafin ka ba shi ko sisi, da hoton cikinta a buɗe. Ina da tsohuwar 1650 v3 ɗina a ajiye cikin leda, in ta zo da mai rauni zan ba direban mota ya kawo maka.

Yara suna gaishe da babansu na Maiduguri. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
abokinka na Samaru.