Wasiƙa ga Ɗiyata da ta Fara Riƙon Alli

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gidan. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai zafin bazara da kika san halinsa. Innarki ta ba ni labarin wayar da kuka yi daren Juma'a. Ta ce kin yi kuka, kin ce yara 90 aka tara miki a ɗaki ɗaya, benci bai isa ba, rabinsu suna aji uku amma ba su iya rubuta sunansu, har kina tunanin ajiye aikin ki koma kan keken ɗinkinki. Ban kira ki ba, don na san in na ji muryarki a haka zan kasa faɗin abin da ke raina. Shi ya sa na ɗauko biro.

Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Sakkwato, kuma shekarar da gwamnati ta buɗe shirin UPE, na ilimin firamare ga kowa, aka kwaso yara birni da ƙauye aka zuba a firamare. Malamai sun yi ƙaranci ƙwarai, saboda haka da takardar horon malanta ta Grade II a hannuna aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Gwadabawa. Ajina rumfar kara ce, allona katako ne da muke shafa wa baƙin batir. A lokacin na ɗauka wanda ya fi ɗaga murya shi ya fi iya koyarwa. In faɗa, yara su amsa, har mutanen da ke rijiya su jiyo mu, ni kuwa in ji daɗi.

Wata Talata hedimastanmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, Allah shi jiƙan shi, ya shigo ya shimfiɗa buzunsa a bayan aji. Na ƙara ƙaimi, yara suka rera ba, be, bi, bo, bu kamar waƙa. Da na gama sai ya taso, ya kira wata yarinya da ta fi kowa murya, ya sa tafin hannunsa ya rufe layin duka, ya bar "bo" kaɗai a fili. Ya ce ta karanta. Yarinya ta dubi allo, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Bai ce mini komai a gaban yara ba. Sai bayan an tashi ya ce, "Malam, muryarka suka haddace, baƙin ba su san shi ba." Washegari ya fitar da ajin ƙarƙashin darbejiya, ya sa kowane yaro ya share ƙasa a gabansa ya rubuta harafin da tsinke, shi kuma yana bi yana duƙawa a kan kowa. Kafin a yi tara ya san wanda ya gane da wanda ke bin iska. Ni na yi wata huɗu da su ban sani ba.

Na ji kunya ranar, har na kwana ina jin haushinsa. Amma daga wannan rana nake ƙirga shekarun koyarwata. Abin da nake so ki yi ke nan tun yanzu: ki duba cikin malaman makarantarku, ba za ki rasa wata tsohuwar hannu da yara ke fitowa ajinta sun iya karatu ba. Ki je ki gaishe ta, ki roƙi ta bar ki ki zauna bayan ajinta, sannan ki ce ita ma ta zo ta ga naki ta faɗa miki gaskiya. Sabon malami yakan ɓoye ajinsa don tsoron a ga kasawarsa, sai ya shekara 10 yana kuskuren da za a gyara masa a zama ɗaya.

Yara 90 kuwa ba sa koyuwa a dunƙule. Ki ɗauki mako guda ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko da biyar-biyar ne lokacin tara. Za ki ga sun rabu: akwai wanda bai san baƙi da wasali ba, akwai mai haɗa gaɓa, akwai mai karanta kalma. Ki zaunar da su a haka, masu ƙoƙarin ki naɗa su ƙananan malamai, ke kuma ki fi daɗewa wurin na baya. Ki fara musu da Hausar da suka sha a nono. Yaron da ya iya karanta "tulu" da "rariya" ba zai sha wuya da Turanci ba. Lissafi kuma marfin kwalba da karan dawa sun ishe ki. In kin gama darasi, ki juya bayan takardar shirin darasin ki rubuta layi biyu: me ya shiga, wa aka bari a baya. Masu duba makarantu ba za su tambaye ki wannan ba, don kanki za ki yi.

Sai maganar takardu, inda ni na yi sake. Shekaru ana gaya mana cewa NCE, takardar da kwalejin ilimi ke bayarwa, ita ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ni kuwa ina cewa wane malamin kwaleji ne zai koya mini riƙon aji. Girman kai ne kawai. Ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya zo nan Sakkwato ya ƙaddamar da shirin UBE, na ilimin tushe ga kowa, kuma daga nan na ga ƙasa na zamewa ƙarƙashin masu Grade II. Yaran da na koya wa ba, be, bi suka dawo da NCE da digiri, aka ɗora su a kaina. Sai da na haura 40 na shiga karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, ina zama benci ɗaya da sa'o'in ƙannena, ga iyali ga kuɗin makarantarku. Na gama, alhamdu lillahi, amma na yi ritaya a 2011 a matakin da wasu ɗalibaina suka riga suka wuce, kuma da shi aka yi mini lissafin fansho.

Ke kin fito Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da NCE, an ɗauke ki a matakin albashi na 07, mai digiri kuwa daga 08 yake farawa. Kada ki bari ya huce. Ki fara da rajistar TRCN, hukumar da aka kafa a 1993 don yi wa malamai rajista. Ki zauna jarrabawarsu, a kwamfuta ake yi, ki karɓi lasisinki. Da zarar an tabbatar da ke a aiki, ki nemi digirin ilimi, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ga ta jiha duk a gida. Amma kada ki taka ƙafa sai kin samu izinin ƙaro karatu a rubuce, don na ga waɗanda suka dawo da takarda aka ƙi lissafa musu ita saboda rashin wannan. Na yi magana da maigidanki kwanakin baya, na ga yana da niyyar tsaya miki, ki riƙa shawara da shi. Gara yanzu, kafin goyo ya yi yawa.

Ki sayi jaka guda ki ajiye kwafin komai: takardar ɗaukar aiki, ta kama aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma da kowane canjin makaranta. A ƙa'ida, daga mataki na 07 zuwa na 14 ana duba ƙarin girma bayan shekara 3, amma ni an taɓa ce mini fayil ɗina ya ɓace a wani ofis, na yi shekara biyu ina safa da marwa, kuma abin da ya cece ni kwafin da Innarki ta adana a ƙasan akwatinta ne. Idan an kira ki bita ki je da littafi, ki dawo ki gwada abin a aji cikin makon, ki kuma nuna wa waɗanda ba su je ba. Na san masu zuwa don alawus kaɗai, kada ki shiga sahunsu.

Ba zan ce miki albashin yana isa ba, kin girma a gidan malami, kin ga watannin da muke cin bashin gero. Ki riƙe ɗinkinki da yamma da ranar Asabar, halal ne. Sai dai kada ya shiga lokacin yara, kada ki kai talla makaranta, kada ki aiki ɗan mutane ɗebo miki ruwa da sunan ladabi. Kuma in kin ji masu cewa koyarwa aikin wanda ya rasa abin yi ne, ki tuna Sardauna ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931, Shehu Shagari ma a can ya koyar kafin ya yi hedimasta a Argungu. Ke ma da kike mace kina da magabata: jajin Nana Asma'u, waɗanda take naɗa wa malfa su bi ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. A ƙauyen da kike akwai uban da ba zai bar ɗiyarsa ta wuce aji huɗu ba sai don ya ga malama mace a makarantar.

Wata rana za a yi miki tayin kujera a ofis ko shugabancin makaranta. Ba na hana ki, amma ki bari sai hannunki ya nuna, kuma ko kin zama shugaba ki riƙe darasi ɗaya a ƙananan azuzuwa. Hedimastan nan nawa har ya bar aiki shi ke koyar da aji ɗaya.

Na ba direban da ke zuwa wajenku ranar kasuwa wani kwali. A ciki akwai katunan baƙaƙe da na yanka da hannuna, guda biyu sun ɓace, "ƙ" da "ts", sai ki yanka ki cike. Akwai kuma tsohon littafina na shirin darasi, ki duba bayan shafukan. Innarki ta sa miki kuka da daddawa. In kin gama gwada yaran, ki rubuto mini nawa ne a kowane rukuni, mu duba tare mu ga ta inda za ki fara.

Ki gaishe da maigidanki da surukanki. Allah shi yi miki albarka, shi ba ki haƙuri da ɗiyan mutane.

Naki,
Baba