Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya tauye mini mudu a labarin Japan

Zuwa ga shugabannin kamfani da ma'aikatan sashen fassara,

Bayan gaisuwa. Wannan ce wasiƙata ta huɗu gare ku a kan magana ɗaya, wato yanke-yanken da kuka yi wa wani wasan labari na kwamfuta daga Japan. Ukun farko na aika su ta akwatin koke na shagonku, kuma amsar da ta dawo iri ɗaya ce kalma da kalma, har da kuskuren rubutun da ke layi na biyu. Shi ya sa na fito da wannan fili, na kuma rubuta ta da Hausa, domin akwai abokaina a Kano da Zariya da Maraɗi da suka sayi kayanku saboda ni na yaba musu. Su sun san wasan da nake nufi, ku ma kun sani, kuma kwafin Turanci na wannan wasiƙa yana akwatinku.

A 2016 na fara sayen fassararku ta wannan wasan labari, irin wanda Japanawa ke kira noberu gemu, inda mutum ke karanta rubutu a kan allo, hoto na baya, muryoyin 'yan wasa na fita, jefi-jefi a ba shi zaɓin da zai karkata labarin. A lokacin ko harafi ɗaya na Japananci ban sani ba. An rubuta a jikinsa cewa na manya ne, 'yan shekara 18 zuwa sama, kuma abin da na tarar ya cancanci wannan suna: mutum ne da ya ba arba'in baya, matarsa ta rasu, bashi ya yi masa katutu, kamfaninsu ya ɗauke shi daga Tokyo ya jefa shi Osaka. Can ya saba da cin abincin dare a wani ɗan ƙaramin shago da wata mace, ita ma ta haura talatin, take riƙe da shi saboda mahaifinta ya kwanta ciwo. Labarin ya shiga raina sosai, sai dai tun a lokacin akwai wuraren da na ji kamar an tsallake rami da ni a cikin duhu. Na ɗauka ƙarancin fahimtata ce.

A 2019 karatu ya kawo ni Osaka. Na yi shekaru ina fama da haruffan kanji, waɗanda 2,136 daga cikinsu gwamnatin Japan ta ware a matsayin na amfanin yau da kullum, har Allah ya sa na ci jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, mataki na N1 wanda shi ne na ƙoli, a Disambar 2023. Cikin abubuwan da na yi wa kaina alkawari akwai komawa wannan labari in karanta shi da harshen da aka haife shi. Da kuka fitar da sabon bugu, kuka rubuta a shafin talla cewa cikakke ne, kuma yana ɗauke da rubutun Japananci na asali kusa da na Turanci, ban tsaya ciniki ba.

Matsalar farko ta bayyana tun kafin in karanta layi ɗaya. Da na juya wasan zuwa Japananci, allon ya cika da tarkacen alamomi marasa ma'ana, abin da a nan ake kira mojibake. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsofaffin wasannin Japan an rubuta su da tsarin haruffa na Shift-JIS, wanda kwamfutar da ba a saita ta da Japananci ba ba ta gane shi. Duk Bahaushen da ya taɓa buɗe takarda ya ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna ya san wannan ciwo. Aikin wanda ya sake buga wasa ya sayar wa duniya shi ne ya mayar da rubutun zuwa Unicode, tsarin haruffan da kwamfutocin duniya ke ganewa, ku kuwa ba ku yi ba, kuma ba ku faɗa ba. Sai da na shiga saitin Windows na canza yankin kwamfutata gaba ɗaya, na kashe na kunna, sannan rubutu ya fito. Ƙananan haruffan furigana da ake ɗorawa a saman kanji masu wuya don nuna yadda ake furta su, su ma sun ɓace. Makullin da kuka saka don hana satar fasaha kuma ya hana manhajar Textractor aiki, alhali da ita masu koyo ke ciro layi su duba ƙamus. Wannan duk na haƙura da shi, domin ana iya gyarawa.

Abin da ya sa ni zaman rubuta wasiƙa ya faru ne wani dare, wajen awa ta shida da fara karatu. Ina sanye da abin saurare a kunne, matar nan tana magana da mahaifinta a asibiti. Muryarta ta yi jimla uku, har da wata 'yar shessheƙa a tsakiya, rubutun Japanancin da ke ƙasa kuwa jimla ɗaya ce tak. Na mayar baya na sake saurare, haka dai. Na ci gaba ina lura, sai na ga abin ya yi ta maimaituwa. Ranar Asabar na tafi Den Den Town da ke unguwar Nipponbashi, na bi shagunan kayan hannu har na samo faifan asali a kwalinsa. Na ajiye kwamfuta biyu a kan tebur, ina danna wannan ina danna waccan, layi bayan layi, ina rubutawa a littafi. Abin da kuka kira rubutun asali ashe an datse shi ne don ya yi daidai da tsawon fassararku. Kun yanke kai don ya shiga hula.

Bari in faɗa muku abin da aka rasa, ko da akwai wanda bai taɓa karanta wasan ba a cikinku. A Japan ba a kiran baƙo da sunansa na yanka. Sunan gidansu ake kira, a haɗa da san. Matar nan haka take kiransa kusan awa talatin na labarin, cikin ladabin mai shago da abokin ciniki, kowace jimla tana ƙarewa da desu ko masu. Ranar da aka yi addu'ar kwana 49 da rasuwar mahaifinta, wadda mabiya addinin Buddha a Japan ke yi kamar yadda muke sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse tana wanke kwanuka, sai ta kira shi da sunansa na yanka, babu san, babu komai. Wannan shi ake kira yobisute, kuma marubucin ya bar allon shiru na ɗan lokaci bayansa, har kiɗan ya tsaya. Ni da na tashi a gidan da uwata ba ta taɓa furta sunan ɗanta na fari ba, ba ta kuma taɓa kiran mahaifinmu da sunansa ba, babu wanda zai yi mini bayanin nauyin wannan lokaci. Tsikar jikina ta tashi. A fassararku kuwa, tun ranar da ya fara shiga shagon take kiransa da sunan yanka, shi ma haka. Da aka zo wannan dare babu abin da ya rage da zai canza, sai shirun da babu dalilinsa. Shekara takwas ina tuna wannan shiru ban san me aka yi shi dominsa ba.

Haka kuka yi wa shi ma namijin. Japananci yana da kalmomi da yawa na cewa ni, kuma wadda mutum ya zaɓa tana nuna inda ya ajiye kansa. A ofis yana cewa watashi. Da ya fara sakin jiki a shagon ya koma boku. Sau ɗaya tak a duk labarin ya ce ore, ranar da ya tsaya a gaban masu bin sa bashi. Na san Turanci ba shi da wannan arziki, ban kuma ce ku ƙirƙiro shi ba, amma mai fassara da ya damu yana da dabaru, ya taƙaita jimla, ya sauya zafin kalma, ko ya ɗan saka bayani a gefe. Ba ku gwada ko ɗaya ba.

Sai maganar karin harshe, wadda ta fi ba ni takaici saboda a garin nake zaune. Matar 'yar Osaka ce, amma da shi daidaitaccen Japananci take yi, irin na Tokyo, domin baƙo ne. A hankali harshen gida ke suɓuce mata. Wata rana ta ce honma maimakon hontō, wata rana akan maimakon dame, har ranar da ta ce uchi tana nufin kanta, ta kama bakinta da sauri. Kamar Basakkwaciya ce da ke yi wa baƙo Kananci, sai da ta amince da shi Sakkwatancin ya fara fitowa. Da wannan marubucin ya auna kusancinsu mataki mataki. Ku kuma kuka ɗora mata karin Turancin kudancin Amurka tun daga layin farko har na ƙarshe, ta koma abin dariya a wurin da aka so ta zama abin tausayi. Ko kalmar okaeri, wadda ake faɗa wa ɗan gida idan ya dawo, daidai da sannu da dawowa tamu, da ta faɗa masa a karon farko a madadin irasshai da ake tarbar mai saye da ita, kun fassara su duka biyun da kalmar maraba guda.

Yanzu maganar da na san za ku fake da ita, wato wuraren kusantar juna da kuka cire. Ina so ku ji ni da kyau. Ba don hotunan na sayi wasan ba, kuma faifan asali yana da maɓallin da ke rufe su, wanda na yi amfani da shi. Na kuma san halin da masu sayar da irin wannan kaya ke ciki. A Afrilun 2024 shagon intanet na Japan mai suna DLsite ya daina karɓar katunan Visa da Mastercard, a Yulin 2025 kuma Steam, babban shagon wasannin kwamfuta na intanet, ya ƙara doka a kan abin da ya saɓa wa ƙa'idojin kamfanonin biyan kuɗi, aka sauke wasanni da dama. Idan kun cire hoto don shagonku ya tsira, wannan hurumin ku ne. Amma kun cire wurin gaba ɗaya, da duk maganar da ke cikinsa. A ɗaya daga cikin waɗannan wurare ne mutumin ya gaya mata cewa daren da matarsa ta cika yana ofis yana aikin ƙarin lokaci, an kira shi sau uku bai ɗauka ba. Shi ne ginshiƙin labarin. Bayan haka sau da yawa takan ce masa abin da ka gaya mini a daren nan, ni kuma a 2016 ina ta komawa baya ina neman wane dare, ina zaton na zaɓi hanyar da ba daidai ba. Ramin da na ce an tsallake da ni ke nan.

A Japan akwai hanyar da aka saba bi, kuma kun san ta. Ƙungiyar EOCS tana tace wasannin kwamfuta tun 1992, CERO kuma tana tantance na na'urorin wasa tun 2002, kowane kwali da alamarsa. Idan kamfani zai fitar da bugun kowa da kowa, yakan rubuta zen-nenrei-ban ɓaro-ɓaro a jiki, sau da yawa kuma a sake rubuta wurin da aka cire don kada zaren labari ya tsinke. Wasan Kanon ya fito a 1999 a matsayin na manya, a 2000 aka fitar da na kowa, kuma mai saye ya san wanne ya ɗauka. Ku kun cire, kun ɗinke bakin da zare mai kauri, sannan kuka rubuta cikakke. A kasuwar Dawanau wanda ya yi haka da buhun hatsi sunansa mai algus.

Da na nemi a mayar mini da kuɗina, kuka kafa mini hujja da ƙa'idar da kuka aro daga Steam, ta kwana 14 da wasan da bai kai awa biyu ba. Labarin nan ya kusa awa arba'in, wurin kusantar juna na farko da kuka cire kuma yana bayan awa ashirin. Babu yadda mai saye zai gane a cikin awa biyu, ko a shekara biyu, in dai bai iya Japananci ba kuma ba shi da faifan asali. Abokina na Zariya da na sa ya saya har yanzu yana ganin matar nan mai shirme ce, kuma ni na jawo masa.

Ina neman ku cire kalmar cikakke daga shafin talla yau, ku rubuta a fili abin da aka cire da inda aka cire shi. Rubutun Japananci kuma ku dawo da na marubucin yadda yake, domin yana hannunku, da shi kuka yi fassarar, ku gyara tsarin haruffan, ku mayar da furigana. Maganganun da ke cikin wuraren da aka yanke za a iya dawo da su a kan baƙin allo babu hoto ko ɗaya, kuma babu kamfanin kati da zai ce uffan a kan mutumin da ke kukan matarsa. Duk wanda ya sayi wannan bugu saboda alkawarin rubutun asali, a ba shi zaɓin karɓar kuɗinsa ba tare da duba awa nawa ya yi ba.

Littafin da na cika a kan teburin nan shafi 63 ne, kowane layi da lambar babinsa, na asali a dama, naku a hagu. Na ɗauki hotonsa na haɗa da kwafin Turancin wannan wasiƙa. Ku miƙa shi ga wanda ya iya Japananci a ofishinku, ya duba, ya ba ni amsa da hannunsa.

Naku,
mai sayen kayanku tun 2016, daga Osaka