Wa ya ce motar dizal ta fi sauƙi a Kano?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na motoci na daren Asabar, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kun bar baƙon nan naku, Alhajin da ke dillancin motoci, ya yi ta nanata wa jama'a cewa duk mai sha'awar babbar mota mai ƙofa biyu ya rabu da BMW M6 mai fetur ya ɗauki BMW 640d, wai jikinsu ɗaya, kujerunsu ɗaya, amma ita mai dizal rabin mai take sha. Mai gabatar da shirin kuma sai amsa masa yake yi kamar ɗan amshi, ko tambaya guda bai yi masa ba. Mutumin da ke da motocin nan jere a filinsa yana jiran mai saye, shi za a tambaya ko a saya?

Ni bakanike ne, a gareji na tashi, kuma motocin Jamus nake gyarawa. Idan dillali ya karɓi kuɗinsa ya yi wa mai mota fatan alheri, wurinmu ake jawo ta da igiya.

Lambobin da ya karanto ba ƙarya ba ne. M6 ɗin da BMW ta fitar a 2012 tana da inji V8 mai lita 4.4 da turbo biyu (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ƙarfin doki 560, kuma a takarda wajen lita 10 take sha a kilomita 100. Ita kuwa 640d silinda shida ce, lita 3, doki 313, a takarda wajen lita 5 da rabi. Amma a ɗakin gwaji na Turai aka auna wannan, da man Turai, babu cunkoso, babu na'urar sanyaya ɗaki a kunne tun safe. Ko su Turawan sun rage yarda da gwajin nan tun da aka kama Volkswagen da maguɗin hayaƙin motocin dizal a 2015. Shi Alhaji sai ya ɗauko lissafin Jamus ya ɗora shi a kan titin Zoo Road, kuka bar shi.

A Jamus gwamnati ce ta sassauta wa dizal haraji, shi ya sa yake arha a kan fetur, kuma mutum kan yi tafiyar kilomita ɗaruruwa a babbar hanya ba tare da ya taka birki ba. A nan akasin haka muka sani. Shekara da shekaru fetur ne ke da tallafi, dizal ba shi da shi. A 2022 ana sayen litar fetur ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, dizal kuwa ya haura 700, ku tambayi masu gidan burodi da masu injin niƙa da masu tirela. Na san tun da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023 tazarar ta ragu, ban musa ba. To amma ko ribar man ta tabbata, nozul guda ɗaya, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, idan ya lalace ya isa ya cinye ta.

Nan ne inda shirinku ya yi shiru, kuma nan ne maganar take. Injin dizal na zamani ba irin na tsohuwar Marsandi 200D ba ne, wadda ko me ka zuba mata za ta haɗiye ta wuce. Wannan famfo gare shi da ke matsa mai da ƙarfin da ya kusa 2,000 a ma'aunin matsi na bar, ya tura shi ta ramukan nozul waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Man da ke wucewa shi ne kuma ke shafe cikin famfon. Idan aka haɗa shi da kananzir ko ruwa ya shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe ke nan. A Turai doka ta taƙaita sinadarin salfa a dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan. Najeriya ta daɗe tana barin a shigo da mai kashi 3,000 cikin miliyan. Ai ba mu manta da cacar bakin da aka yi a 2024 tsakanin matatar Dangote da hukumar kula da harkar mai ba, kan wane dizal ne ya fi datti, na gida ko na waje. An ce an tsaurara doka, madalla. Amma tsakanin matata da tankin motarka akwai tanka, akwai rijiyar gidan mai da ruwan damina ke iya ratsawa, akwai jarkar ɗan bumburutu.

Akwai wani matashi ɗan kasuwar Kwari da ya kawo mini irin motar da Alhaji ke yabo, baƙa, kujerun fata ja, abin sha'awa. Ya ce tana tafiya sai ta yi sanyi, ko ya taka totur ba ta amsawa. Na kwance filtar mai na juye abin da ke ciki a kwalba, muka tsaya muna kallo. Ruwa ya kwanta a ƙasa, man ya hau sama, a tsakiya kuma wasu 'yan ƙananan ɓarɓashin ƙarfe na ta ƙyalli a rana. Famfon ya niƙe kansa, garin ya bi bututu ya shiga nozul shida gaba ɗaya. Dole a wanke tanki, a sauya famfo, a sauya nozul, sannan a sa kwamfuta a gabatar wa motar kowane ɗaya da lambarsa, in ba haka ba ba za ta zauna daidai ba. Na zaga Ƙofar Ruwa, na buga waya Legas, babu. Sai daga waje, da kuɗin waje. Da na faɗa masa jimillar, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce uffan ba. Motar ta yi watanni a lulluɓe da tamfol a bayan gareji, shi kuma yana zuwa kasuwa a A Daidaita Sahu.

Ko man ya zama mai kyau, akwai wata matsalar. A cikin salansar waɗannan motoci akwai matata da ke tare baƙin hayaƙi. Idan ta cika, motar da kanta take ƙone abin da ya taru, amma sai salansa ta yi zafin da ya kai wajen digiri 600, kuma hakan na bukatar a yi ta tafiya a miƙe na kusan rabin awa. Ku gaya mini, wanda tafiyarsa daga Tarauni zuwa Kantin Kwari ce, ko daga Hotoro zuwa Sabon Gari, a ina zai samu wannan? Tsaya, matsa, tsaya, ɗan sahu ya shigo ta hagu, mai kura ya shigo ta dama. Motar ta fara ƙonawa ka kashe ta, gobe ta sake farawa ka sake kashe ta, man da bai ƙone ba ya gangara ya haɗu da baƙin mai ya tsinka shi. Daga nan fitila ta kama, mota ta ƙi gudu. Abin da mafi yawan garejinmu ke yi shi ne a fasa matatar a zubar, a rufe wa kwamfuta baki. Sai ka ga motar miliyoyi tana tafe tana tuƙa hayaƙi a fuskar masu talla. Wannan ce motar masu hankalin da aka tallata mana?

Kada Alhaji ya ce ina yi wa M6 kamfe. Ba na yi. Ita ma tana da nata. Mota ce da ta kusa tan biyu, an ɗora ta a kan tayoyi sirara, ba ta da safaya, kuma cikinta na gogar kowane tudun rage gudu da ke unguwanninmu. Turbo ɗinta biyu a tsakiyar injin aka cusa su, inda zafi ya fi taruwa, ga shi a watan Afrilu garin nan kan haura digiri 40. Robobi su bushe, ta fara shan baƙin mai. Fetur mai ƙarfi take so wanda gidajen manmu ba sa sayarwa, mu iri ɗaya gare mu, kowa da shi yake sha. An ce tana kai kilomita 250 a awa. A ina? Hanyar Zariya, tsakanin tireloli da shanu? Abin da kawai na ga ana yi da gudun nan shi ne wasan mota a bikin aure, yara na juya ta a tsakiyar titi har sai an take wani. Ga ƙofa biyu: ka je ɗauko surukarka, ka kwantar da kujera ka ce Hajiya ta sunkuya ta shiga baya. Amma aƙalla wanda ya sayi M6 ya san abin da ya saya. Ya san rijiya ce, kuma yana da abin zubawa. Ba a yaudare shi da sunan tattali ba. Wanda nake tausaya wa shi ne mai ɗan rufin asiri da ya ji shirinku ya ce ashe akwai hanyar hawa babbar mota da araha.

Idan mutum ya nace sai wannan ƙirar, akwai 640i, fetur, silinda shida, kayanta sun fi samuwa kuma yaranmu sun san cikinta. Baƙonku bai ko ambace ta ba, ina jin babu ita a filinsa. Idan kuma dizal ake so don tafiyar nesa, ga tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfutar da za ta yi maka gardama a dajin Falgore. Ranar sayarwa kuma kowa ya sani, a Kano Toyota da Honda da Lexus ne kuɗi a hannu. Kai motar dizal mai ƙofa biyu wurin dillalai ka ji tayin da za a yi maka, har shi Alhajin da ya sayar maka.

Ina roƙon ku sake shirin nan, ku kira bakanike da mai gyaran nozul su zauna kusa da dillali, ku buɗe layin waya da gaske.

Sannan tun da na samu dama, don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Rediyo a kunne take a gareji, yaran da ke koyon aiki a wurina wasu ba su kai shekara goma sha biyar ba, sai kawai a ji mutum ya fara zayyano abin da ko a ɗaki ba a faɗa da ƙarfi. Dole in bar abin da nake yi, da baƙin mai a hannu, in ruga in rage murya. Idan kuɗin tallan ne ba za ku iya bari ba, ku mayar da shi bayan sha ɗayan dare.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani bakanike daga birnin Kano