Yaya, maganar allurar yaran nan

Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya gida ya yara, ya jikin Umma? Ni lafiya lau alhamdulillah sai sanyi kawai, nan Dundi ta ƙasar Scotland tun kafin ƙarfe 4 an yi magariba, ga iskar kogin Tay mai ratsa ƙashi. Kuka da daddawar sun iso, Allah ya saka da alheri.

Na saurari saƙon muryar da kika turo har sau biyu, wai kin hana a yi wa 'yan matanki allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar nan mai kawo sankarar bakin mahaifa, saboda ana cewa allurar tana hana haihuwa. Wallahi Yaya ranar ban iya barci ba, don abin da nake yini a kansa a ɗakin bincike ke nan, kullum kuna tambayata wai me nake karanta ne shekara da shekaru, toh bari yau in faɗa miki.

Kin ga kowace ƙwayar halitta ta jikinmu cike take da furotin iri-iri, kowanne da aikinsa, idan ɗaya ya lalace ko ya gama aiki ba a barinsa ya zauna. Akwai wani ɗan ƙaramin furotin, yubikwitin, da ake liƙa masa kamar yadda hukuma ke shafa jan fenti a gidan da za a rushe, da zarar an liƙa masa da yawa sai a ja shi zuwa wani injin markaɗe da ke cikin ƙwayar, furotiyasom sunansa, ya niƙe shi. Mutum 3 da suka gano wannan, Hershko da Ciechanover da Rose, sun samu kyautar Nobel a 2004.

Toh ga inda maganar ta shafe mu. A cikinmu akwai wani furotin p53, shi ne maigadi, in ya ga ƙwaya ta fara lalacewa sai ya tsayar da ita ko ya sa ta mutu kafin ta zama sankara. Ita ƙwayar cutar HPV in ta zauna a bakin mahaifa sai ta ƙera nata furotin mai suna E6, shi kuma ya sa a shafa wa maigadin jan fenti, jiki da kansa ya kai maigadinsa injin markaɗe. An gano haka tun 1990. Ni da hannuna na gwada, in ka sa E6 a ƙwayoyi sai layin p53 ya dushe a hoton gwajin kamar an goge shi, ranar da na fara gani Goggo ce ta faɗo mini a rai, yadda ta yi ta zubar jini tana ɓoyewa saboda kunya har sai da aka ce mana an makara. Allah ya jiƙanta.

Mu aikinmu a nan shi ne mu juya dabarar, mu haɗa magani mai hannu biyu, hannu ɗaya ya kama furotin ɗin da ke ciyar da sankara ɗayan ya jawo mai shafa fentin. Aiki ne mai cin rai, wata 5 na yi ina fama da sinadari ɗaya ya ƙi. Amma yaƙar sankara ta hanyar wannan injin ba mafarki ba ne, tun 2003 ake ba masu wata sankarar ɓargo maganin Velcade wanda ke toshe injin markaɗen.

Sai dai duk wannan magani ne bayan cuta ta shiga, kuma da tsada. Allurar kuwa tare ƙofa take yi tun cutar ba ta shigo ba, nau'i 2 kawai na HPV, 16 da 18, su ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta, sau ɗaya tak. Nan ma a makaranta ake yi wa yaransu tun 2008, waɗanda aka fara yi wa ga su nan da goyonsu. Yaya da zan ga illa ko ƙanƙanuwa ni zan fara hana ki, 'ya'yana ne.

Don Allah ki zauna da babansu ki karanta masa wannan, in yana da tambaya ya kira ni ranar Asabar bayan la'asar ɗinku ina gida. Ke ma ki je a duba miki bakin mahaifa, zan turo kuɗin tare da na maganin Umma ƙarshen wata insha Allah.

Ki gaishe min da Baba da kowa da kowa, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙanwarki