Roƙon Tallafi: Bargo da Koko Mai Zafi ga Masu Kwana a Titi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Wannan takarda daga kwamitin masallacin Juma'a na unguwarmu take, a nan cikin birnin Kano, zuwa ga iyayenmu da 'yan uwanmu da muke sahu ɗaya da su, da 'yan unguwa da neman abinci ya kai Legas ko Abuja ko Saudiyya, da duk wani bawan Allah da ta faɗa hannunsa.

Hunturu ya kama. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin dare a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, ga busasshiyar iskar da ke kaɗowa daga Sahara da ƙurarta. Mai ɗaki ya rufe taga, ya ja bargo, da asuba kuma ya dafa ruwan alwala, duk da haka sai ka ji yana kukan sanyi. To akwai mutanen da a wannan daren shimfiɗarsu kwali ce, mayafinsu buhun siminti. Matasan masallacinmu sun jima suna fita bayan sallar Isha'i suna zagaya wuraren da irin waɗannan bayin Allah ke kwana: ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa, barandar shagunan Kantin Kwari bayan an tashi kasuwa, tashar Unguwa Uku, lungunan Fagge da bakin kasuwar Sabon Gari. Da aljihunsu suke yi, da ɗan abin da iyaye mata ke haɗawa. Bana abin ya fi ƙarfinsu, shi ya sa muka fito muna roƙo.

Wanda bai taɓa fita ba zai zaci duk almajirai ne. Akwai su, musamman ƙananan da zauren makarantarsu ya cika ya batse. Amma a gefensu za ka tarar da mata da goyo waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, kamar yadda a shekarun baya rikicin Boko Haram ya koro mana mutanen Borno da Yobe. Akwai 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram da ke zuwa bayan kaka, su yini suna ga-ruwa ko tura baro, su ƙi kama ɗaki don kuɗin ya isa gida. Akwai tsohon da ya zo jinyar ɗansa guzuri ya ƙare. Akwai masu taɓin hankali, waɗanda kowa ke ratse musu.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin kowa ya san shi a tukunyarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gero da masara da kuɗin mota duk suka yi sama. A da, yaro ya tsaya ƙofar gida ya ce "Allazi wahidun" ba zai rasa ragowar tuwo ba, ko da ƙanzo ne. Yanzu gidaje da yawa su ma sau biyu suke ɗora tukunya, wasu sau ɗaya, babu ragowar da za a bayar. Yaron sai ya kwana da kwanonsa wayam, kuma cikin da babu komai shi sanyi ya fi kamawa. Daga nan sai tari, sai ciwon haƙarƙari, ga faso a ƙafa har da jini, ga ƙazuwa da ke bin yara in sun cunkushe wuri ɗaya. Da sanyi ya ishe su sai su hura wuta da leda da tsohuwar taya su kewaye ta, hayaƙin ya shiga ƙirji, wutar kuma tana dab da rumfunan mutane. 'Yan kasuwarmu sun fi kowa sanin abin da gobarar hunturu ke yi.

Wasu dattawa sun yi mana magana, kuma maganarsu abin dubawa ce: shin wannan aiki ba ƙara wa bara gindin zama yake yi ba? Ai gwamnatin jiha ma ta sanar da hana bara a titi a farkon 2020, kuma a shekarar ne, lokacin korona, aka riƙa kwashe almajirai ana mayar da su jihohinsu. Mu ba ma goyon bayan uba ya haifi yaro ya tura shi birni babu ci babu sutura, limaminmu ya sha faɗin haka a kan mumbari. Amma gyaran wannan al'amari na iyaye ne da malamai da hukuma, zai kuma ɗauki shekaru, yaron da ke karkarwa yau kuwa ba zai jira ba. Sannan dalilin da ya sa muke fita da dare ke nan. Mai sana'ar bara da rana yake aikinsa, magariba na yi ya tattara ya koma ɗakinsa. Wanda ka tarar a kan kwali ƙarfe 1 na dare, jaura na kaɗawa, ba yaudarar kowa yake yi ba. Kuɗi kuma ba ma rabawa a titi ko sisi, domin yana tara turmutsitsi, yana kuma iya ƙarewa a hannun mai sayar da sholisho.

Abin da ake yi ba shi da yawa. Iyaye mata su dama koko da citta da kanumfari, a soya ƙosai, a zuba a kuloli. Matasa su ɗora a adaidaita sahu tare da barguna da rigunan sanyi da man shafawa. In an isa, sallama ake fara yi, ba a haska wa mai barci fitila a fuska. Inda mata ke kwance, mata ne ke matsawa kusa, mazan su tsaya nesa. Ba a tambayar mutum addininsa ko ƙabilarsa kafin a miƙa masa kofi. Hoto kuwa mun hana shi gaba ɗaya, ko da mai bayarwa ya nemi a turo masa shaida. Matar da jiya take da ɗakinta da rumbunta a ƙauye ba ta cancanci danginta su tsinci fuskarta a Facebook tana karɓar bargo ba. Mai son ya tabbatar, ya sa rigar sanyinsa ya biyo mu.

Wurin da kuɗi ya fi tafiya shi ne marasa lafiya. In aka samu wanda jikinsa ya yi tsanani, sai a nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala, kuma dole wani ya tsaya masa, ya yanki kati, ya sayi magani, ya dawo washegari ya duba shi. Mai taɓin hankali ba ma ɗaure shi, ba ma jan sa da ƙarfi. Ana fara cigiyar danginsa ta hannun mai unguwa da 'yan sanda, in hali ya yi a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Ɗan gudun hijirar da ya ce yana da ɗan uwa a wani gari, in an yi waya an tabbatar, direba ake biya kai tsaye a tasha.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. A masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina akwai Ahlus Suffa, matalautan da ba su da gida ba su da iyali, Abu Huraira (RA) yana cikinsu. Annabi yakan umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku daga cikinsu, mai abincin mutum huɗu ya tafi da na biyar. Bai ce sai mai rumbu ba.

Don haka kada wani ya raina abin hannunsa. Babbar buƙata ita ce bargo, domin dila guda ta gwanjo daga Ƙofar Wambai tana rufa jama'a masu yawa, kuma Alhazanmu na Kwari sun san inda za su samo mana da rahusa. Sai rigunan sanyi da huluna da safa, musamman na yara. Muna roƙon iyayenmu mata su duba akwatuna, amma don Allah a wanke kafin a kawo, kuma abin da ya yage ya zama tsumma a bar shi a gida. Mudun gero, mudun wake, sukari, man gyaɗa, sabulu, basilin, duk muna karɓa. Mai adaidaita sahu da zai ba mu dare ɗaya a mako ya taimaka ƙwarai. Muna matuƙar neman ma'aikacin jinya ko na kemis da zai riƙa bin mu, da kuma mata masu kamun kai da mazajensu ko iyayensu suka yarje musu.

Mai ba da kuɗi ya miƙa wa ma'ajin kwamiti bayan kowace salla, ya karɓi rasiti, ko ya jefa a akwatin da aka ware a ƙofar masallaci da ɓangaren mata. Lambar asusun banki tana manne a allon sanarwa, 'yan unguwa da ke nesa su sa a karanto musu daga can, kada su tura wa wata lambar da suka gani tana yawo a WhatsApp. Wannan kuɗi ba a haɗa shi da na fetur ɗin janareta ko gyaran masallaci. In zakka ce mutum ya fitar, ya faɗa mana, domin ita tana da mutanenta takwas da Allah Ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, za a ajiye ta daban, liman ya duba inda za ta. Duk Juma'ar ƙarshen wata sakatare zai karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a kuma manna takardar a allo.

Ana karɓar kaya kullum tsakanin La'asar da Magariba a ɗakin ajiya na masallaci, ladan na nan da makulli. Masu son fita su ba da sunansu wurin shugaban matasa kafin ranar Alhamis, a raba su rukuni-rukuni.

Allah Ya saka da alheri, Ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar.

Wassalamu alaikum.
Sakatare, a madadin kwamitin masallaci