A sa dashen itace cikin sharuɗɗan izinin gini a Marwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a garin Marwa da ke Kamaru. Shekara 20 ina ɗinki ƙarƙashin dogon yaron ƙofar shagona, nan mai ƙosai da 'yan acaɓa ke fakewa. Bara aka sare shi don a jera shaguna har bakin kwalta. Da Afrilu ta zo, ƙarfen kekena ma ba ya taɓuwa da tsakar rana.

Tun 2004 Kamaru ke da dokar tsara birane, kuma ba a gini sai da izini. To, a sa sharaɗi mana: mai gini ya ja baya daga titi, ya bar lambatu da hanyar masu ƙafa. Wanda ya sare itace ɗaya ya dasa biyu, ya shayar har su kama. Don Allah a fara da filayen da ake yankawa yanzu, tun ba a aza tubali ba.

Mai karatunku,
daga Marwa